Kafin Ka Tsinka Tawadar Nan, Ɗana

Ɗana, na san abin da hannunka yake nema da safiyar hunturu. Ka buɗe shago sanyi na kaɗawa, hazo ya rufe hanyar Kano har ba a hango tirelolin da ke fake a bakin titi. Ka ɓalle murfin gwangwanin farar tawada, ka tura wuƙa ciki, ta tsaya cak kamar an kafa ta a tuwon jiya. Ga riguna jibge a kan benci, Alhaji mai aikin ya ce bayan La'asar zai aiko a ɗauka. Nan take idonka ya koma lungun da kwalbar kananzir take. To, dakata. Jawo kujera ka zauna kusa da ni kafin ka tsiyaya ko ɗigo ɗaya, don abin da za ka yi a wannan mintin shi zai nuna ko rubutun zai shekara uku a jikin riga, ko kuwa zai bi ruwan wanki na biyu.

Tun jihar Yobe tana jaririya, bayan an cire ta daga Borno a 1991, nake jan roba a kan raga a garin nan na Potiskum. Na buga bajon makarantun boko da na Islamiyya, na buga rigunan 'yan ƙwallo, da buhunan 'yan kasuwar hatsi, da sitikar da direbobi ke mannawa a gilashin mota. Ina nan kwamfuta ta zo ta ƙwace mana aikin manyan kyallayen talla, aka ce mu nemi wata sana'a, ga shi kuwa har gobe in riguna ɗari biyar ake so masu sauƙin kuɗi masu ƙarko, wajenmu ake dawowa. A duk shekarun nan, in na ga aiki ya lalace a hannun yaro, da wuya in sami laifin a zane ko a katako. Kusan kullum daga cikin gwangwani ɓarnar take tasowa. Ko dai tawada ta yi kauri an yi mata dole, ko an tsinka ta ta koma tsululu.

Kuma ai ka san wannan ilimi tun kana ɗan shekara bakwai, mantawa ka yi. Tuna zugen makarantar allo. Gawayi ne da ƙaro, ƙaron nan na dakwara da ke fita a jejin Yobe da Borno da Jigawa, wanda har Turai ake kai shi. In ƙaro ya yi kaɗan ruwa ya yi yawa, kana ɗora alƙalami sai baƙi ya bi jijiyar allo ya baje, wasali ya shige cikin baƙi, in ya bushe kuma hannun riga kaɗai ya isa ya share shi. In ƙaro ya yi yawa sai ta kama bakin alƙalami ta ƙi sauka, ka yi ta dangwalawa kana ja, rubutu na fita a kakkarye. Gardin da ya iya haɗi ba ya tambayar kowa. Zai ɗaga alƙalami ya dubi yadda ɗigon ya rataya a baki, ya san ko ta yi. Wannan idon nake so ka dawo da shi shago. Sai dai tawadarmu ta fi zuge rikici, don abubuwa masu karo da juna ake nema a wajenta.

Duba yadda aikin yake. Raga tana miƙe a jikin katako, an toshe idanunta ko'ina sai inda zane yake. Ka zuba tawada a kai. A wannan lokacin so ake ta kwanta lamo, kada ta ɗiga ta ƙasa ko da yake idanun a buɗe suke. Ka ɗauko roba, sukwiji ke nan, ka ja. Cikin wannan ƙiftawar ido so ake ta saki jiki ta ratsa dubban ƙananan huda. Tana sauka a kan riga kuma, so ake ta sake ƙanƙamewa ta tsaya daidai inda aka ajiye ta, kada ta matsa ko da faɗin gashi. Masu haɗa ta a masana'anta da gangan suka gina mata wannan hali: in tana zaune kauri gare ta, in an motsa ta ta yi laushi, in an ƙyale ta ta koma yadda take.

In kana so ka ga misalin da idonka, je ka kasuwar shanu ranar Laraba ka tsaya wajen masu nono. Kindirmo a ƙwarya daskare yake, har ludayi ya yanke shi ya bar gurbi. Bafulatana ta sa maburgi ta burga, ko cokalin ruwa ba ta ƙara ba, sai ga shi yana zuba sumul. Wadda ta ƙara ruwa kuwa, kowa ya kurɓa ya san an yi algus. Kaurin da ka tarar da safe, mafi yawansa na kwana ne da na sanyi. Saboda haka farkon abin yi shi ne motsi. Ka ɗebi iya wadda za ka yi aiki da ita a wani kwano, ka sa wuƙa ka yi ta juyawa kana murza ta a jikin kwanon, minti uku, minti biyar, har kafaɗarka ta fara ƙorafi. Da hannunka za ka ji lokacin da ta sallama. Wuƙar da ke turjewa za ta fara tafiya, tawadar ta ɗauki sheƙi, in ka ɗaga ta ta sauko a hankali kamar igiya mai kauri, ta naɗe a kan 'yar'uwarta kafin ta kwanta. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, ba ka ƙara komai ba.

In sanyi ya tsananta, ka taimake ta da ɗumi. Kana ganin yadda manja da man kaɗanya ke daskarewa a watan Janairu, su saki da kansu in rana ta ɗaga. Ka rufe gwangwani ka tsoma gindinsa a ruwan da hannu zai iya jurewa, ko ka ajiye shi a hantsi na ɗan lokaci kana jujjuyawa. Kada ka kuskura ka ɗora shi a murhu ko risho. Zafi mai yawa zai fara gasa ta tun a gwangwani, ta yi gudaji, kuma wadda ta yi gudaji ta tafi ke nan.

Sai motsi da ɗumi sun gaza sannan za a yi maganar ƙari, a nan kuwa dole ka san wace ce a gabanka. Akwai filastisol, mai kama da man shafawa, wadda aka fi buga rigunan ƙwallo da ita. Garin PVC ne, robar nan da ake bututun ruwa da ita, an niƙa shi lukui an kwaɓa da wani irin mai. Babu ruwa a cikinta, iska ba ta busar da ita, kana iya barinta a kan raga kwana uku ka dawo ka same ta ɗanya. Zafi kaɗai ke gasa ta. Sai ta kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyas, daga sama har ƙasa, sannan garin ya shanye man su zama fata guda mai talewa. Akwai ta ruwa, wadda ake haɗa launi da bainda, mai shiga cikin zare ta bar riga da laushinta. Akwai kuma mai wari, ta leda da sitika da buhu. Kowacce da abin tsinka ta. Ta ruwa tana karɓar ruwa mai tsabta kaɗan, da ritada, maganin da ke jinkirta bushewa. Mai wari tana karɓar tinar da aka rubuta a jikin gwangwaninta. Filastisol kuwa nata daban ne, ridusa, wanda aka yi shi don ya gasu tare da ita. Ba ta shan ruwa, ba ta shan fetur, ba ta shan kananzir.

Na san za ka ce ai ka taɓa gwadawa, kuma ta yi laushi. Ƙwarai tana yi, shi ya sa tarkon ke kama mutane. Kananzir yana shiga tsakanin garin ya sassauta shi, roba ta yi ta sulɓi, aiki ya yi sauri. Amma baƙo ne a cikin haɗin. In an zo gashi ba ya zama fata tare da sauran. Wani ya tashi hayaƙi ya shiga ƙirjinka, wani ya maƙale ya hana garin haɗewa. Riga za ta bar shago da kyanta, ruwan omo ne zai tona asiri. Ragowar da ka mayar gwangwani kuma, bayan 'yan kwanaki ka same ta ta fi da tauri.

A jikina na koyi wannan. Wata shekara cikin hunturu wata makarantar firamare ta ba ni rigunan wasannin gidaje, ja da kore da shuɗi da rawaya, a buga sunan kowane gida da fari a baya. Kwana biyu suka rage. Farar tawada kuwa ita ce uwar kauri, saboda farin garin da ke cikinta, titaniyom, da yawa ake zuba shi don ya rufe launin riga. Ta ƙi motsi, ni kuma na ƙi haƙuri. Na tsiyaya kananzir, na ga ta saki, na ƙara. Kafin Magariba na gama, na bi su da dutsen guga sama-sama, na ɗaure na kai. Aka yi wasa lafiya.

Bayan mako guda sai ga malamin wasanni a ƙofar shago, tare da wani yaro ɗan aji huɗu riƙe da rigarsa a leda. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya warware rigar a kan tebur ya ce, "Malam, dubi abin da wanki ɗaya ya yi." Haruffan sun tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, wasu sun ɓanɓare sun bar inuwa. Ya ce, "Mahaifin yaron nan wake ya auna ya sayar ya biya kuɗin rigar. Cewa ya yi ƙaninsa ma zai sa ta baɗi." Yaron bai ce uffan ba, idonsa na kan rigar. Na ce, "Malam, laifina ne, a tattaro min su duka." Na sayi wasu da kuɗina na sake bugawa, ribar wata biyu ta tafi. Kuɗin na daɗe da mantawa da su. Idon yaron nan ne har yau yake dawo min duk sanda na ga hannu ya nufi kwalba.

To, bari in koya maka karanta aiki, don tawada tana faɗin ciwonta a kan kyalle. In ta yi kauri, bugu zai fito da ƙananan ramuka kamar fuskar waina, sawun raga ya fito a jiki, gefen harafi ya yi haƙora. Kana ɗaga katako riga ta biyo shi a manne, sannan ta saki da ƙara, ta tayar da gashin auduga tsaye a cikin tawada, fari ya zama kamar an barbaɗa masa ƙura. Ɗaga raga a haske, za ka ga idanu cike da tawadar da ta ƙi sauka. Yaro in ya ga haka sai ya ƙara ƙarfi, ya danne roba har ta lanƙwashe. Abin da zai samu shi ne ya cusa tawada cikin zare maimakon ta zauna a sama, launi ya dushe, raga ta saki, da dare kuma ya kasa ɗaga hannu. Mu masu buga Hausa har da wata asara ta daban muke yi. Ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ siririya ce, ita ce ta farko da tawada mai kauri ke kasa ratsawa. Ƙungiya ta ba ka "kishin ƙasa", ka miƙa mata "kishin kasa", ƙasar haihuwa ta koma macijiya a bayan mutum ɗari, kuma masu karatu suna gani.

In ta tsinke kuwa, tun kafin ka ja roba ta fara tsattsafowa ta ƙarƙashi. Ta bi bayan raga ta shafe, harafin riga ta biyar ya fi na ta farko kumburi, kafin ka kai ta ashirin cikin a da e da o ya cike. Fari a kan baƙar riga ya koma toka-toka, don ka yi wa garin launi yawa da abin da ba launi ba. Inda abin ya fi tayar min da hankali shi ne bajon Islamiyya. Rubutun Larabci da ɗigo yake rayuwa. Ta da nun a tsakiyar kalma ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. Tawada ta baje, ɗigo biyun ta suka haɗe, ka canza harafi, wataƙila ka canza ma'ana, a ƙirjin yarinyar da za ta sa hijabin nan kullum ta tafi karatun Alƙur'ani. Ni ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, kai ma kada ka ɗauka.

Wani lokacin tawada ba ta da laifi, raga ce ba tata ba. A da siliki ake miƙewa, irin wanda wani Bature, Samuel Simon, ya yi wa rajista a Manchesta ta Ingila a 1907. Yanzu zaren foliyesta ne. Lambar da kake gani a gefenta, 43 ko 77 ko 90 ko 120, adadin zaren da ke cikin santimita ɗaya ne. Mai 43 idanunta manya ne, ita ce ta farar tawada da manyan haruffa a riga. Mai 90 da mai 120 na ƙananan rubutu ne da sitika, da tawada mai wari wadda dama siririya ce. Akwai wani likita Bafaranshe, Poiseuille, da ya yi nazarin yadda jini ke gudana a ƙananan jijiyoyi wajajen 1840. Ya gano cewa in aka rage faɗin siririn bututu da rabi, abin da zai wuce sau 16 yake raguwa. Idon raga ba dogon bututu ba ne, amma ka ga yadda ƙanƙancewa kaɗan ke jawo wahala mai yawa. Da sunansa ake auna kauri har yau, kuma a wannan ma'auni in ruwa ya ci 1, zuma tana cin dubbai, filastisol a zaune ta ninka zuma. Don haka in ka ɗora farar filastisol a kan mai 120 ta ƙi wucewa, ajiye ridusa ka canza raga. In ka je sayayya Kano, ko ka yi saƙo Shomolu ta Legas, ka tambayi mai kanti ko lambar ta santimita ce ko ta inci, don mai 110 a lissafin Amurka ita ce mai 43 a namu. Ka kuma duba bakin roba ko ya dakushe, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin raga da riga don ta riƙa ɗagowa da kanta a bayan roba. Da yawan abin da ake ɗora wa tawada na waɗannan ne.

Abin da takardar jikin gwangwani ba za ta gaya maka ba shi ne halin garinmu. Waɗanda suka haɗa ta a ɗaki mai matsakaicin sanyi suka gwada ta. Mu kuwa nan gwangwani ɗaya tawada uku ce a shekara.

A hunturu asuba takan sauko ƙasa da digiri 15, filastisol ta daskare, wannan mun gama da shi. Ta ruwa ce abin tausayi. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya, danshinta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, ita ce ke shanye ruwan tawada a kan raga. Ka tsaya amsa sallama, ko ka ɗaga waya, ka juyo ka tarar ƙananan idanu sun toshe. Wadda ke kan raga tana ƙara kauri da kowane ja, har riga ta hamsin ba ta yi kama da ta farko ba. Maganin shi ne kada ka taɓa barin zane tsirara: kana gama ja, ka mayar da tawada a hankali ta lulluɓe shi kafin ka sa wata riga. Ka sa ritada tun farko, ka ajiye kwalbar feshi kusa, ka riƙa ƙara sabuwa kaɗan-kaɗan a kan tsohuwa. Ka yayyafa ruwa a ƙasan shago, ka tura ƙofar da ƙura ke shigowa, don ƙurar ma kauri take ƙarawa. In da hali, irin wannan aiki da sassafe ake yinsa ko bayan Isha'i.

Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano ya fi haka. Tawadar da ka tsinka daidai a Janairu, a Afrilu kafin Azahar ta koma ruwa. Shi ya sa nake hana ka tsinka gwangwani gaba ɗaya. Akwai kuma wani kaurin na bazara da ya fi na hunturu sharri. In filastisol ta daɗe a zafi, a kan kanta kusa da rufi ko a but ɗin mota, garin yakan fara shan man tun a gwangwani, ta yi irin kaurin da ba ya jin motsi. Ka sauke ta ƙasa, a inuwa, kusa da randa in akwai. Mai wari kuwa tinarta tashi take kana kallo, ka riƙa zuba kaɗan kana rufe sauran. Damina tana da sauƙi a kan raga, wahalarta a shanya take. Ta ruwa ba ta bushewa da wuri, in ka jibga riguna su manne, auduga kuma tana riƙe danshi wanda ke cinye zafi lokacin gashi, sai ka ƙara mata lokaci.

Ka lura da wani abu. Manyan ayyukanmu a mafi munin lokaci suke zuwa. Zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ranar 23 ga Fabrairu aka yi, na 2023 ranar 25 ga Fabrairu, ke nan rigunan kamfe a tsakiyar hunturu ake buga su, dubbai, cikin gaggawa. Mai kawo aiki zai ce maka, "Oga, yi kawai, ai kwana ɗaya za a sa." Kada ka yarda da wannan magana. Taro kwana ɗaya ne, amma rigar tana komawa jikin ɗan dako a kasuwar hatsi, da manomi, da almajiri, ta zama tufarsa ta shekara. Shi ne zai sa abin da ka buga, shi za ka cuta in ka yi ha'inci.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon da ya daɗe yana kallon mudu ake nufi. Kai da ka fara jiya, sayi ƙaramin sikeli mai batir. A kilo ɗaya na filastisol ka fara da giram 10 na ridusa, kashi 1 cikin 100 ke nan, ka motsa sosai, ka buga a kyallen gwaji ka duba. In bai isa ba ka ƙara wasu 10. In ka kai 30 ba ta daidaita ba, ka tsaya ka sake duba raga da roba, kada ka wuce abin da takardar gwangwani ta yarda. Ƙari yana da sauƙi, abin da ka zuba kuwa ba ya fitowa. Ka sami ɗan littafi ka rataye a ƙusa, ka riƙa rubuta kwanan wata, da yanayin gari, da lambar raga, da abin da ka ƙara. Bayan shekara biyu littafin nan zai fi ni amfani a wurinka. Ke ma 'yata, da na ga kuna shigowa sana'ar yanzu kuna buga hijabai da jakunkunan biki a cikin gida, da ke nake.

Kauri da gashi kuma tare suke tafiya. Tawadar da ta zauna da kauri a kan riga ta fi jinkirin nuna, samanta zai bushe ya ruɗe ka alhali ƙasa ɗanya ce. In dutsen guga ne da kai, ka shimfiɗa takarda a kai, ka ba kowane wuri haƙƙinsa, kada ka yi ta shafawa kamar mai gugar kaftani. In ta huce ka kama rubutun da hannu biyu ka ja: wadda ta nuna talewa za ta yi ta koma, wadda ba ta nuna ba tsagewa za ta yi. Rigunan ƙwallo na foliyesta kuma, musamman ja, rininsu yakan tashi da zafi ya shiga cikin fari, bayan 'yan kwanaki lamba ta koma ruwan hoda. Akwai farar da aka yi domin su, ita za ka nema, kuma kada ka tsinka ta da yawa, don kaurinta na daga cikin abin da ke tare rinin. Gwajin da ba ya ƙarya dai shi ne wanki. Kowane aiki, ka buga kyalle ɗaya na daban, ka gasa shi yadda ka gasa sauran, ka sa omo ka cuɗa shi yadda uwar yaro za ta cuɗa.

Ka kula min da ƙirjinka. In kana aiki da tina ka buɗe taga, kada ka wanke hannu da fetur, kada ka ci abinci da hannun tawada, janareta kuma ya zauna a waje nesa da gwangwanaye. Na san waɗanda tari ya kora daga sana'ar nan tun ƙarfinsu bai ƙare ba.

Yau in ɗan aiken Alhaji ya zo bayan La'asar kaya ba su gama gasuwa ba, ka fita da kanka ku gaisa, ka nuna masa kyallen gwajin da ke shanye a igiya, ka ce a gaya wa Alhaji gobe da hantsi in Allah ya yarda. Zai kira ya yi faɗa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," kada ka ɗora laifin a kan wuta ko a kan yaronka. In ka koma ciki ka kankare tawadar da ke bakin gwangwani, ka danna murfi ya zauna daram, ka nannaɗe shi da tsohon buhu ka kai shi ƙuryar shago, don sanyin daren yau da alama zai fi na jiya.